Shokolar da Baba zai iya ci: wata huɗu ina saye wajen wata Hajiya a Yantala

Baba ya yi shekara 26 a Abijan. Kamar yawancin mazan garinmu na ƙasar Adar, ya tafi biɗa tun yana saurayi, ya zauna Ajame yana sayar da takalma da agogo, ya dawo gida da furfura da ɗan abin hannunsa, da kuma wata ɗabi'a guda da ba ta rabu da shi ba: kowace safiya sai ya sha shokola mai zafi da madara, ya tsoma burodi ciki. Abin da ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira cakulan ke nan. Mutanen gida da fura ko kunu suke karyawa, shi kuwa gwangwaninsa na nan kan kanta, ba mai taɓa masa.

Bara bayan sallar layya ya fara rama, ga yawan fitsari da dare, ga ƙishirwa wadda ba ta yankewa. Na sa aka kawo mini shi Yamai. Gwajin farko da aka yi masa da safe kafin ya ci komai ya nuna suga gram 2,40 a kowace litar jini, alhali daga 1,26 ne ake cewa mutum ya kamu da ciwon suga. Ga hawan jini kuma a kai. Likita ya rubuta masa metformin da maganin tansiyo, ya ɗora shi kan rejim, gwangwanin nan kuwa shi aka fara hanawa. Da na karanta jikinsa na ga dalili: sukari ne aka fara rubutawa a jerin kayan da ke ciki, kuma a ƙa'ida abin da ya fi yawa shi ake sa wa a gaba.

Wata biyu ya yi yana bin rejim bai ce uffan ba. Wata Asabar ina gyara masa shimfiɗa sai na tarar da takardun alewa huɗu ƙarƙashin matashi. Jikokinsa yake aika wa shagon bakin titi a ɓoye. Na zauna bakin gadon hawaye na zuba. Ya shigo ya same ni da takardun a hannu, bai yi musu ba, ya ce, "Uwata, ba yunwa ba ce. Abincin nan naku duka ɗanɗanon magani gare shi." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka, kuma duk ranar da ya kira ni da wannan murya na san abin ya kai masa wuya.

Na fara da manyan kantunan Filato. Na sayi shokola baƙa mai 70% a jiki, ina murna, sai wata ma'aikaciyar asibiti ta lissafa mini: in kashi 70 kakawo ne, sauran 30 ɗin kusan duka sukari ne, wato a gram 100 akwai kimanin ƙwaya biyar na sukarin kwali da muke jefawa a shayi. Na koma kan wadda aka rubuta ba sukari. Ita kuma da maltitol aka zaƙaƙa ta, wanda yake ɗaga suga duk da bai kai sukari ba, kuma in an ci da ɗan yawa ya kumbura ciki. Baba ya kwana yana zarya bayan gida. Daga nan na haƙura da kanti.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni lambar matar da nake son yin magana a kanta. A gidanta take aiki a Yantala, ba allo ba shago, ta WhatsApp ake yin oda, kuma ba ta ba ni izinin rubuta sunanta ba, don haka Hajiya kawai zan ce. Mijinta ya fi shekara goma da ciwon suga, a kansa ta koyi sana'ar.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kiran farko. Na ce ina son gaton shokola na masu suga, nawa ne. Ba ta faɗi kuɗi ba. Ta ce, "Ƙanwata, tsaya tukuna. Wa zai ci? Allura yake yi ko ƙwaya yake sha? An duba masa ƙoda?" Na ce ina ruwan ƙoda da gato. Ta ce kakawo na da sinadarin potasiyom da fosfor da yawa, haka dabino da gyaɗa da aboka duk suna da potasiyom, kuma mai ciwon ƙoda waɗannan ne ake ce masa ya rage. Ta ce akwai matar da ta zo saya wa mijinta da ake yi wa wankin ƙoda, ta mayar da ita da kuɗinta. Sai da na ɗauko takardar analiz ɗin Baba na karanta mata cewa ƙodarsa lafiya, sannan ta yarda muka yi maganar ciniki. Na kuma kai maganar gaban likitansa a zuwanmu na gaba, ya ce a gwada kaɗan, a riƙa aunawa.

Gani ya kori ji, don haka na ce zan zo da kaina. Ta karɓe ni a wani ƙaramin ɗaki da ke jikin madafa, da firigo guda, da teburi mai shimfiɗar leda, da ɗan sikeli na batir irin mai nuna gram. Komai sai ya hau sikelin nan. Ta buɗe gwangwanin garin kakawo zalla ta ce in lasa. Na dangwala da yatsa, ɗaci ya cika mini baki kamar na tauna goro ɗanye, har da wani ɗan tsami a ƙarshe. Ta ce to wannan shi ne shokola kafin a yi masa ado, duk zaƙin da kika taɓa ji daga baya aka zuba shi. Ta nuna mini wani gwangwani na biyu wanda garinsa ya fi duhu, ya fi laushin ɗanɗano, ta ce wannan an wanke shi da wani sinadari mai kama da kanwa, dabarar mutanen Holan ce, yana kashe tsamin amma yana rage wani ɓangare na amfanin kakawon. Na farkon take sa wa a abin sha, na biyun a gato.

Sai ta ɗauko dabino guda, irin busasshen nan da ake kawowa daga arewa, ta tsaga shi da wuƙa ta cire ƙwallon, ta ɗora rabi kan sikeli. Ta ce, "Kin ga wannan? Kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Dabino abinci ne mai albarka, amma jinin Baba bai san albarka ba, sukari ya sani. Zuma ma haka." Wannan magana ta zauna mini, domin na sha ganin masu talla a Facebook suna rubuta cewa kayansu ba sukari, dabino ne kawai da zuma, mai suga ya ci ya ƙoshi. Hajiya ba ta taɓa ce mini a ci a ƙoshi ba. Kowace ƴar roba da ta ba ni akwai takarda manne a murfi, an rubuta da biro nawa za a ci a rana.

Abu huɗu na gwada cikin watannin nan, kuma ba duka suka yi mini daidai ba.

Wanda ya fi kowanne shi ne abin shan safe. Madarar aya ce take tatsa, ayar Maradi mai manyan ƙwayoyi, ta dama garin kakawo ciki da ɗan citta da kanumfari, ba madarar shanu, ba sukari. Ayar tana da nata ɗan zaƙin da nata sitaci, shi ya sa ta ƙayyade masa ƙaramin kofi guda, a ɗumama shi a wuta marar ƙarfi kada ya tsinke. Ranar farko na kai wa Baba bayan ya dawo masallaci. Ya riƙe kofin da hannu biyu, ya kai hanci ya daɗe yana shaƙa kafin ya kurɓa. Ya kurɓa, ya yi shiru, ya sake kurɓa. Sai ya ce, "Wanga ƙamshi na tashar jirgin ruwa ne." Ya shiga ba yara labarin yadda ake jibge buhunan kakawo a Abijan lokacin kaka, manyan motoci jere tun daga daji, ƙamshin ya cika unguwa kamar an jiƙa ƙasa da wani abu mai tsami. Rabon da in ji ya yi doguwar hira haka tun kafin ciwon. Zaƙin bai kai na gwangwaninsa ba, ya faɗa da bakinsa, amma ya shanye har ya ɗaga kofin sama.

Illarsa guda, ba ya jimawa. Duk wanda ya san kunun aya ya san halinsa da zafi. Kwana biyu a firigo, in kuwa aka ɗauke kuran da dare, da safe sai ka ji ya fara tsami, sai zubarwa. Sau biyu na yi asarar lita guda haka.

Na biyu kirim ne na aboka da kakawo, ana ci da cokali. Ban yi zaton zai ciwu ba, don a sanina aboka da gishiri da albasa ake cinta cikin burodi. Amma in aka markaɗa ta da kakawo ɗanɗanonta ɓacewa yake, sai santsi kawai ya rage kamar man shanu. Da stebiya take zaƙaƙa shi, wani ganye ne ɗan asalin ƙasar Paragwai wanda zaƙin abin da ake tatsa daga cikinsa ya ninka na sukari sau ɗari biyu ko fiye, kuma ba ya ɗaga suga. A nan ne na'urar gwaji ta fi faranta mini rai. Likita ya ce mana awa biyu bayan cin abinci kada ya wuce 1,80. Ranar da ya ci ƴar roba guda da hantsi, kafin ya ci 1,32 ne, bayan awa biyu 1,41. Na maimaita sau uku a ranaku daban, bai taɓa kai 1,50 ba. Jikin tsoho guda ne wannan da maganinsa, kowa ya auna nasa.

Sai dai stebiya na barin wani ɗaci-ɗaci a bayan harshe, kamar an sha magani an kora da ruwa. Baba bai damu ba, mutumin da ya saba da goro. Ni da yara ba mu iya gama roba guda ba. Kuma ba kullum ake samunsa ba, saboda abokar daga ƙasashen gaɓar teku ake kawo ta, wani lokaci ta iso ɗanya sharaf, wani lokaci ta iso ta yi baƙi a ciki. In ba ta sami mai kyau ba cewa take babu, kuma na fi son haka.

Na uku su ne ƴan dunƙule-dunƙule kamar ƙwallon goriba ƙanana: garin aya, tigadege, kakawo, da rabin dabino a kowane guda, an mirgina su cikin riɗi soyayye. Waɗannan su ne masu daɗin gaske, kuma su ne masu haɗari. A takarda ta rubuta guda ɗaya bayan abincin rana. Wata Juma'a na fita unguwa, Baba ya buɗe firigo ya ci uku. Da na dawo na auna shi, 1,95. Ban yi masa faɗa ba, na nuna masa lambar kawai, ya kalle ta ya ce, "To, na gani." Da na gaya wa Hajiya sai ta ce laifinta ne da ta zuba sha biyu a roba guda, daga ranar ta koma ƙulla kowane ɗaya a takardarsa, ta ce in ajiye su inda ni kaɗai na sani. Ta kuma ce kada ya ci bayan la'asar, saboda kakawo na da ɗan abin da ke hana barci irin na kofi da goro, kuma gaskiya ne, daren da ya ci ukun nan sai da ya raba dare yana juyi.

Na huɗu, gato, shi ne bai gamsar da ni ba. Ba fulawar alkama ciki, da garin gyaɗa da na riɗi take yi, kuma saboda masu hawan jini ba ta sa gishiri ko garin kumburi, wanda shi ma yana da sinadarin gishiri. Farin ƙwai take bugawa har ya yi kumfa, shi ke ɗaga shi. Dabarar ta burge ni, amma abin da ya fito ya yi nauyi, ya yi maiƙo, ƙamshin gyaɗa ya danne na shokola, kamar ƙuli-ƙuli mai laushi. Jaka shida na biya, rabinsa ya kwana uku ba wanda ya waiwaye shi. Maƙwabciyata da ɗanta ba ya cin alkama, likitoci sun hana shi duk abin da ke da gulutan, ita ta yaba ƙwarai, ta ce yaron bai taɓa cin gaton ranar haihuwarsa ba sai bana. Don haka wataƙila ba don irinmu aka yi shi ba. Akwai kuma wani gwaji da ta yi da garin ƴaƴan kuka, ta ba ni in ɗanɗana kyauta. Tsami kan ɗaci. Na gaya mata gaskiya, ta yi dariya ta ce mijinta ma haka ya ce.

Yanzu maganar kuɗi, don nan ne mutane da yawa za su tsaya. Dunƙule sha biyu jaka uku. Kirim ƴan robobi huɗu jaka huɗu. Abin sha lita guda jaka biyu. Yaro mai moto ya kawo mini unguwar Lazare jaka guda. A wata nakan kashe wajen jaka ashirin, kuma ga kuɗin magani, ga na tsinken gwaji da ba ya da araha a farmasi. Na taɓa yi mata ƙorafi. Ta ɗauko gwangwanin da ta saya shekara biyu baya da na yanzu ta nuna mini farashin da ke manne. A 2024 kuɗin kakawo a kasuwar duniya ya haura dalar Amurka 10,000 kowane tan, abin da shekaru kaɗan kafin nan bai kai 3,000 ba, saboda amfanin gona ya lalace a Kodibuwa da Gana, ƙasashe biyun da ke noma fiye da rabin kakawon duniya, ga cutar itatuwa, ga rikicewar damina. Sannan a 2023 da aka rufe iyaka da Benin kayan da ke zuwa ta Kwatanu suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, kuɗin mota ya hau kai. Da na ba Baba labari ya girgiza kai ya ce da idonsa ya ga ana loda buhunan nan a jirgi zuwa Turai, yau ga shi ana dawo mana da garinsu cikin gwangwani da rubutun Nasara, mu da muke maƙwabta. Abin ya daɗe yana cin sa. Ni dai na gamsu ba cutata take yi ba, amma gaskiya ce kuma cewa mai ƙaramin albashi ba zai iya wannan kowane mako ba.

Inda nake da ƙorafi na gaske biyu ne. Na farko isar da kaya. Cikin watan Afrilu, zafin Yamai ya wuce 40, na yi odar dunƙule da safe, yaron bai iso ba sai ƙarfe biyu na rana, wai ya ɓata hanya wajen Bukoki. A leda kawai ya rataye su jikin moto, ba kula, ba ƙanƙara. Da na buɗe robar duk sun narke sun haɗe, mai ya taso sama. Man kakawo tun wajen 34 yake narkewa, bai ma kai zafin jikin mutum ba, ga man gyaɗa a ciki, ina za su jure rana tsaka a kan kwalta? Na kira, ba ta ɗaga ba sai bayan magariba. Ta ba da haƙuri, ta sake mini rabi kyauta, amma har yau ba ta sayi kula ba. Ni na koma aika ƙanena ya karɓo da sassafe da tawa.

Na biyun ya fi nauyi. Gyaɗa na cikin kusan duk abin da take yi, kuma injin markaɗe guda ne, cokula guda ne. Akwai mutanen da ko ɓurɓushin gyaɗa suka ci jikinsu zai kumbura, numfashi ya sarƙe, har a rasa rai. Matar da ta tsare ni da tambaya kan ƙoda ba ta tambaye ni wannan ba, kuma ba ta rubuta shi a takardar murfi. Sai da na tambaya ta amsa cewa e, ko kirim ɗin aboka ba za ta iya rantsuwa ba gyaɗa a jikinsa ba. Na ce mata, "Hajiya, don Allah ki riƙa rubutawa, ba kowa zai tambaya ba." Ta ce za ta yi. Odar da ta biyo baya ta rubuta, ta bayanta kuma ta manta. Duk mai irin wannan lalura, ko mai yaron da ke da ita, kada ya saya a nan.

Ga mai ciwon suga da ƙodarsa ke lafiya, wanda yake da na'urar gwaji a gida da wanda zai tsaya masa kan adadi, ina ba da shawarar abin shan aya da kirim ɗin aboka ba tare da shakka ba, dunƙulen kuma in akwai mai riƙe makulli. Gwajin wata uku-uku da aka yi wa Baba a watan jiya ya sauka, likita ya ji daɗi. Ba zan ce shokola ce ta saukar da shi ba, magani ne da rage tuwo da tafiyar da yake yi kowace yamma zuwa masallacin Juma'a ya dawo. Abin da na sani shi ne tun watan nan huɗu ban sake ganin takardar alewa ƙarƙashin matashi ba, na kuma tambayi yara sun ce ya daina aikensu.

Damina ta kusa, kuma Baba ya ƙi zama, ya ce gonarsa ba za ta shuka kanta ba. A ƙauye ba firigo, ba mai moto. Na kai wa Hajiya wannan damuwa ina tsammanin za ta ce sai dai haƙuri. Sai ta ce in zo ranar Lahadi. Ta zaunar da ni gaban sikeli ta koya mini haɗin busasshe: garin aya da aka soya sama-sama aka niƙa aka tankaɗe, garin kakawo, citta, kanumfari, da ɗan stebiya a bakin cokali, a dama cokali biyu a ruwan zafi. Ba ta karɓi ko dala ba, alhali ta san ciniki take ragewa kanta. Bai kai na madarar aya sabuwa santsi ba, akwai ɗan gari-gari a ƙasan kofi, amma zai yi wata biyu a rufe ba abin da zai same shi.

Na haɗa masa kilo guda. Da na rasa abin zubawa sai ya shiga ɗaki ya fito da tsohon gwangwaninsa, wanda na ɗauka na yar tun bara, ashe ya wanke shi ya adana cikin jakarsa. Na cika shi, na manna takarda a murfi na rubuta cokali biyu da safe, da boko da ajami, na kuma kira matar ƙanena da ke can gida na karanta mata. Motarsa ta Tawa ranar Laraba ce da asuba, kuma ya riga ya sa gwangwanin cikin jakar hannu tare da magungunansa, ya ce ba za a ɗora masa shi saman mota rana ta buga ba.